Gicciyen Farar Ƙasa a Ɗakin Basilisa

Santa Rita, 9 ga Fabrairu 1997

Zuwa ga 'yata Nélida,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya a can Buenos Aires. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu ta hana ni dogon durƙuso, har ta kai yanzu a zaune nake jan addu'a a gidajen makoki, abin da na sha yi wa wasu faɗa a kansa. Mahaifinki Crisóforo yana nan da ransa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, amma yana cin abinci. Kullum da rana ni nake kai masa wake da tortiya, gurasarmu ta masara.

Wasiƙarki ita ce ta farko da kika aiko mini tun rasuwar mahaifiyarki Basilisa a watan Nuwamba. Na buɗe ta ina zaton kuka, sai na tarar da tambayoyi a jere kamar na mai bincike. Wane hannu Basilisa ta karya, kuma a wace shekara? Me mahaifinki yake sha a wancan zamani? Ta ina ake fara kwashe gicciye?

Ni da Basilisa kakanmu ɗaya, kuma ni na riƙe ki ranar baftisma, don haka zan amsa. Hannun dama ne. Kina aji huɗu na firamare. Daga tsani ta faɗo, a gindin itacen fiya na bayan gida. Mahaifinki giyar pulke yake sha, kamar yawancin mazan layinsu. Batun gicciye kuwa, kin san shi tun kina goye. In an fita da gawa, a zana shi da farar ƙasa a daɓen da aka shimfiɗe ta, a yi kwana tara ana addu'a a kansa, ran na tara a kwashe shi da sabuwar tsintsiya a zuba a ƙaramin akwati a kai kabari. Kai ake fara kwashewa, sai hannun dama, sai na hagu, sai ƙafafu, zuciya ce ƙarshe. Haka ake yi.

Yanzu ni ma ina da tawa tambaya. Me za ki yi da waɗannan amsoshi? Na roƙi Allah ya raba ni da mugun zato, na kuma san halina ne, Fada, limamin cocinmu, ya sha gaya mini. Amma 'yar da ba ta tambayi yadda uwarta ta cika ba, ta tambayi irin giyar ubanta, dole zuciya ta tsaya.

Innarki,
Hermelinda Zárate

Buenos Aires, 6 ga Maris 1997

Inna Herme,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da gwiwa. Ki riƙa zama abinki, Allah yana jin na zaune. Ni lafiya lau, sai dai gajiya. Da safe ina gyaran kurakurai a maɗaba'a, da yamma ina ajin rubutu.

Inna, har yanzu kina nan yadda na bar ki, mutum ya tambaye ki hanya ki ce me zai sata a can. Littafi nake rubutawa a kan Mama. Ba ƙagaggen labari ba ne, duk abin da ke ciki ya faru. Wata ƙaramar maɗaba'a ta karɓa, za su buga a ƙarshen shekara.

Da farko na bi shekaru, daga haihuwarta zuwa rasuwarta. Malamarmu ta karanta ta ce wannan ba labari ba ne, kalanda ce. Ta ce abin da ya faru da ke ba ki da iko da shi, amma inda za ki ajiye kowane abu, wannan aikinki ne. Na yi makonni ina neman abin da zan rataya labarin a jikinsa, sai na tuna gicciyenmu. Babi biyar: kai, hannun dama, hannun hagu, ƙafafu, zuciya. A babin kai na sa tunaninta da abubuwan da take tsoro. A ƙafafu na sa tafiyarta kasuwar Puebla da ranar da ta raka ni tasha. Tun da na sami wannan tsari littafin ya fara numfashi.

Ban tambayi yadda ta cika ba don har yanzu ba zan iya ji ba. Kin san sai bayan an binne ta labari ya iso ni. Baba ya san inda nake. Tun ranar da na ce zan tafi karatu ya ce in na fita kada in waiwayo, ga shi ya cika maganarsa.

Na haɗo miki babi na biyu. Ki karanta da idon uwa, ba da idon mai jan addu'a ba.

'Yarki,
Nélida

Santa Rita, 2 ga Afrilu 1997

Zuwa ga 'yata Nélida,

Alherin tashin Ubangijinmu ya kasance tare da ke. Mun gama Makon Tsarki lafiya. Mahaifinki ya yi tari amma ya warware. Ni ma da sauƙi.

Na karanta babinki sau da dama, da idon uwa kamar yadda kika nema, domin ba ni da wani idon. Na nemi ƙarya a ciki jimla bayan jimla, ban samu ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni.

Kin rubuta yammacin da mahaifinki ya dawo daga bikin San Isidro a buge, ya banke ƙofa, ya ture tukunyar wake, kika ɓuya a bayan buhun masara. Haka aka yi, ni ma na ji ƙarar daga gidanmu. Daga nan kika bar fili a takarda, faɗin yatsa biyu. A ƙarƙashinsa kika ce: da safe Mama tana zaune a bakin murhu, hannunta na dama ɗaure da karare, tana koya mini dama kunu da hagu. Wannan ma haka aka yi.

Amma Nélida, tsakanin wannan yamma da wannan safiya akwai shekara huɗu. Ranar tukunyar wake ba ki ma shiga makaranta ba. Kin cusa shekara huɗu cikin faɗin yatsa biyu, kuma duk wanda ya karanta zai rantse Crisóforo ne ya karya mata hannu. Ba ki faɗa ba. Kin dai jera abin yadda mai karatu zai faɗa a madadinki, ke kuma hannunki a wanke.

Don kada in yi miki hukunci da zatona kaɗai, na gwada. Na je wurin Chole mai sayar da barkono, wadda ta zo garin nan bayan duk wannan ya wuce. Na karanta mata na sauya sunaye, na ce labarin wasu ne a Atlixco. Ban kai ƙarshe ba ta ajiye ma'auni.

Ta ce, "Allah ya tsine wa wannan mutum. Yana raye?"

Na ce, "Me ya yi?"

Ta ce, "Haba Hermelinda, ke da ba ki yi aure ba sai an zana miki? Ya karya ta mana. Irinsu ne ke zama a layin gaba a coci."

Kin ji. Kuma wannan Cholen ce take ƙara wa mahaifinki tumatir kyauta duk Asabar.

Littafi yana tafiya. Ɗan maƙwabcinmu Anastasio yana karatu a Puebla, kwafi ɗaya ya isa garin nan. Tsoho mai ido ɗaya zai fito ƙofar gida ya ji mutane sun daina gaishe shi, bai kuma san dalili ba. Ina tambayarki a gaban Allah: tsari ne ya kai ki nan, ko ke kika nemi tsarin da zai kai ki nan? Idan ramuwa ce don ba ki sami jana'iza ba, ki sani mahaifinki ya je ɗakin waya na gari da kansa, ni na riƙe masa hannu. Lambar da muke da ita ta tsohon masaukinki ce, matar da ta ɗauka ta ce kin tashi.

Ki raba waɗannan abubuwa biyu.

Innarki,
Hermelinda

Santa Rita, 20 ga Yuli 1997

Zuwa ga 'yata Nélida,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan shirun nan ba na rashin lafiya ba ne. Damina ta yi kyau, masara ta kai kafaɗa. Mahaifinki ya rame kaɗan. Ya daina zama a ƙofar gida, ya fi son ɗakin mahaifiyarki.

Tun da na rubuta miki a Afrilu ban ji daga gare ki ba. Na fassara shirunki iri-iri. Na ce kin yi fushi. Na ce kin riga kin miƙa littafin, kina jira a buga kafin ki amsa, don maganata ta zama ta banza. Har na yi wani zato da nake jin kunyar rubutawa: cewa kin tambayi lafiyar mahaifinki a wurin wasu, kin lissafa ba zai kai ƙarshen shekara ba. Na kai wannan zato wurin Fada. Ya ce in yi azumi, in kuma rubuta miki da taushi. Azumin na yi.

Na sake karanta wasiƙarki ta Maris. Inda kika ce littafin ya fara numfashi, a lokacin na ɗauka alfahari ne. Yanzu ina tunanin ko ke ce kika fara numfashi, ni kuma na zo na danne. Ban sani ba. Shekaru da yawa ina shiga gidajen mutane a ranar da suka fi rauni, kuma na lura na fi saurin gane kuskure a addu'arsu fiye da gane baƙin cikinsu.

Duk da haka ban janye maganata ba. Shekara huɗu shekara huɗu ce.

Ki rubuto, ko da layi ɗaya ne.

Innarki,
Hermelinda

Buenos Aires, 18 ga Agusta 1997

Inna Herme,

Ina gaisuwa. Wasiƙunki biyu rana ɗaya na karanta su. Sanyin nan ya kama mini huhu tun Mayu, na kwanta asibiti, daga can wata abokiyar aiki ta ɗauke ni gidanta. Yanzu na miƙe. Ban lissafa ranar mutuwar kowa ba, tawa ce ma na ɗan hango. Na gode da azumin.

Batun waya ban sani ba. Na zauna da shi kwana da kwanaki.

Amma Inna, kada ki yi kamar ke ba kya jera labari. Carbin da kike ja, wa ya ce abubuwan farin ciki su zo tare, na baƙin ciki su zo tare? Tsakanin haihuwar Yesu da samunsa a haikali shekara nawa ne? A hannunki ƙwaya ashirin ce. Ba ki taɓa cewa an yi ƙarya ba.

Kuma duk lokacin da kika ba da labarin hannun Mama, daga tsani kike farawa. Tun ina yarinya haka kike yi. Me ya hau da ita tsani? Mace mai tsoron tsayi, wadda ko kan kujera ba ta hawa? Fiya ta nuna tana zubewa, mai saye yana zuwa washegari, Baba kuma yana kwance tun jiya bai san inda kansa yake ba. Ina wurin, ni na riƙe mata tsanin, ni ce kuma ban iya riƙewa ba. Ke kin yanke farkon labari, ni na yanke tsakiyarsa. Wace ce a cikinmu ta fi gaskiya?

Ban ce ba zan gyara ba. Maganar Chole ta tsaya mini a wuya. Amma ina jin akwai abin da kike rufewa. Ke da kike faɗin komai dalla-dalla, da na tambaye ki kwashe gicciyen Mama sai kika ba ni layi biyu kika wuce. Me Baba ya yi a ranar? Bai zo ba ne? A buge ya zo?

Ga babi na ƙarshe, zuciya. Tunda ba na nan, na rubuta shi yadda na san ake yi a garinmu, ai ba a taɓa yin sa wata hanya ba. Maɗaba'a tana son komai kafin ƙarshen Oktoba.

'Yarki,
Nélida

Santa Rita, 14 ga Satumba 1997

Zuwa ga 'yata Nélida,

Na gode wa Allah da ya tashe ki. Kina kwance a ƙasar mutane, ni kuma ina nan ina auna miki mugunta. Ki yafe mini. Ki riƙa rufe ƙirjinki, ki sha ruwan zafi da zuma. Mahaifinki lafiya, zan zo kansa.

Batun tsani kin yi gaskiya. Daga nan nake farawa, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba sai da kika tambaya. Batun carbi kuwa ban yarda ba. Mai jan carbi ya san akwai shekaru tsakanin ƙwayoyin, ba a ɓoye masa ba. Mai karanta babinki bai sani ba.

Babinki na ƙarshe ya fi duk sauran kyau. Kin sa ni durƙushe da sabuwar tsintsiya, mata suna amsa addu'a, na kwashe zuciyar na zuba a akwati, aka rufe, mahaifinki yana tsaye a bakin ƙofa da hula a kansa bai shigo ba. Na yi kuka da na karanta. Kuma a duk littafinki shi kaɗai ne babin da bai faru ba.

Na rasa yadda zan yi, domin akwai alkawari a wuyana. A ƙarshe na ga tun da sunansa ake jayayya a kai, shi ya kamata ya ji. Ranar Alhamis da na kai masa abincin rana, na zauna na ce ina da karatu.

Ya ce, "Waliyiya, in wa'azi ne bari in ci tukuna, ba ya shiga da yunwa."

Na ce, "Ba wa'azi ba ne. 'Yarka ce ta rubuta littafi, kana ciki."

Ya ce, "Da kyau ko da muni?"

Na ce, "Ka ji da kunnenka."

Na karanta masa babin hannu. Yana ta cin wakensa har na kai inda Basilisa take dama kunu da hagu, sai ya ajiye tortiyar. Na gaya masa abin da Chole ta ce, ban rage ba.

Ya ce, "Shi ke nan, tumatir ya ƙare."

Na ce, "Crisóforo, ba abin wasa ba ne. Garin nan zai ce kai ka karya ta."

Ya ce, "Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ke shaida ce. Amma fiyar nan tawa ce in tsinka. Yarinyar tana riƙe da tsani, ta ga abin da ta gani. Karanta na gaba."

Na karanta masa na ƙarshe. Nan ne ya fusata, irin fushin da rabona da gani tun yana da ƙarfi.

Ya ce, "Wa ya gaya mata an kwashe? Ke?"

Na ce, "Na gaya mata yadda ake yi. Ban ce an yi ba."

Ya ce, "Ka ji waliyiya. Ashe ke ma marubuciya ce."

Na haɗiye wannan, domin na cancanta. Sa'an nan ya ce in rubuta miki, ya sake ni daga alkawari.

Ga abin da ya faru. Ran kwana tara ɗakin ya cika. Na kwashe kai, na kwashe hannun dama, na hagu, ƙafafu. Da na kai tsintsiya tsakiya, wurin zuciya, mahaifinki ya durƙusa kusa da ni kamar mai addu'a, ya kama mini wuyan hannu, ya ce a kunnena, "Wannan na Nélida ne." Na ce masa ba a yin haka, rai ba ya samun sakewa sai an kwashe duka. Ya ce Basilisa ta jira shi shekara talatin ya yi hankali, za ta iya jiran 'yarta. Ya ɗora hularsa a kan wurin. Mata suna sunkuye da kai, fitilu sun yi ƙasa, na rufe akwatin kamar an gama. Da mutane suka watse ya kife tukunyar ƙasa a kai, ya ja tebur ya rufe. Ya sa na yi alkawari kada in gaya miki. Ya ce ba ya so ki zo don tausayi ko don an ɗaure ki, in za ki zo ki zo da ƙafarki.

Tana nan har yau, farar ƙasa faɗin tafin hannu. Shi yake share ɗakin da kansa, ba ya barin kowa, yana lalube yana kewaye tukunyar. Tun Nuwamba ban yi barci mai daɗi ba saboda ita. Ban san ko na yi wa Basilisa laifi ba, ko na yi mata abin da za ta so. Na tambayi Fada a kaikaice, ya ce Allah ba ya ɗaure rai da farar ƙasa. Wataƙila haka ne, amma shi ba ɗan garin nan ba ne.

Na tambayi mahaifinki saƙon da zan ba ki game da babin hannu. Ya ce, "Ki ce ta ajiye ni inda ta ga dama, littafinta ne. Amma kada ta rubuta ƙarshen abin da bai ƙare ba."

Ni ban kai shi sauƙin kai ba. Har yanzu ina roƙonki shekara huɗun nan.

Addu'ar cikar shekara za ta kama ashirin da biyu ga Nuwamba.

Innarki,
Hermelinda

Buenos Aires, 10 ga Oktoba 1997

Inna Herme,

Ina gaisuwa. Ƙirji ya warke sarai. Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa na ji.

Na buɗe filin nan mai faɗin yatsa biyu, ya zama shafi tara. Shekara huɗun suna ciki, da tsanin, da fiyar, da inda Baba yake kwance, da hannuwana biyu da suka kasa. Ba zai fito fari tas ba, amma ba zai fito da abin da bai yi ba. Malamata ta ce babin ya rage kaifi. Na ce mata akwai wata mai barkono da nake so ta ci gaba da ba da tumatir. Ba ta gane ba, ban kuma yi bayani ba.

Na janye babi na biyar. Maɗaba'a sun yi ƙorafi, sun ɗaga zuwa baɗi. Ban san yadda zai kasance ba, kuma karon farko ke nan da rashin sanin bai dame ni ba.

Zan sauka Puebla sha tara ga Nuwamba, in shigo motar safe. Ban san abin da zan ce masa ba, kada ki shirya mana komai, kada kuma ki yi wa'azi. Ki dai saya mini sabuwar tsintsiya, ƙarama, ki sa kafinta ya yi akwati. Ke za ki ja addu'ar, a zaune.

Kada kowa ya ɗaga tukunyar nan kafin in iso.

'Yarki,
Nélida